Gwangwanin Baba Issaka

A ƙarƙashin gadon Baba, a Aboabo,
akwai gwangwanin madara da ba madara a ciki.
Maƙabarta ce.
Ran Lahadi na ƙirga mamatan: sittin da uku,
wasu sun kumbura,
wasu farin gishiri ya keto musu a baki
kamar leɓen mai azumi.

Baba ba ya yarda batir ya mutu sau ɗaya.
In rediyo ta koma magana ƙasa-ƙasa
kamar mai bin bashi a gidan makoki,
sai ya zaro su, ya gartsa musu haƙori,
ya jera su kan kwanon ɗaki su sha rana.
Su ba shi rabin labaran yamma,
su sake cikawa.

Muna yara da dutse muke fasa su,
mu kai baƙin cikinsu makaranta
a goge allo ya dawo sabo.
Ɓawon kuwa, kwata ta san inda ta kai shi.

Ran Talata na ratsa Kejetiya da albashina a ƙugu.
Kwadwo mai kayan wuta ya ɗora min huɗu a tafin hannu
da wata 'yar caja mai ido ɗaya.
Na yi ciniki da Tonanci har maƙogwarona ya bushe,
sidi biyar kacal ya rage,
ya ce, 'Yar'uwa, yau za ki yi kuka, baɗi ki gaishe ni.

Baba ya juya su, ya shinshina.
Zuwera, wa ya cuce ki?
Abin da ya mutu ya tashi?
Wannan ai sai ranar tsayuwa.

Muka soka caja a bango bayan isha.
Idon ya yi ja.
Inna Memuna ta bar tace koko ta zo kallo,
Mubarik ya tsuguna kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai.
Ƙarfe tara dumso ya ɗauke wuta, unguwa ta yi ɗif.
A cikin duhu na ji dariyar Baba:
Rijiya ta bayar, guga ya hana!

Ban san sa'ad da wuta ta dawo ba.
Na dai fito alwalar asuba
na tarar da shi tsaye, buta a hannu,
shi da ɗan koren ido suna kallon juna.
Bai ce komai ba.
Rediyo ce ta yi magana, har maƙwabta suka ji.

Yanzu biyu na aiki, biyu na kwance,
kamar direbobin motar Bawku.
Na ƙaro huɗu:
tocilar Inna ta zuwa bakin murhu,
rimot ɗin da Mubarik ke ɓatarwa kullum,
na'urar awon jinin Baba.
Agogon bango ne kawai ya ƙi su,
yana ja da baya kamar mai ciwon gwiwa;
muka bar tsoho da abincin da ya saba.

Gwangwanin na nan.
Na hana a zuba a kwata,
kuma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa da shi ba.

A gidanmu in aka ce ya cika,
tabarma ake shimfiɗawa a waje.
Yanzu Baba kan ƙwala min kira daga ɗaki,
Zuwera, sun cika!
gabana ya faɗi,
sannan in tuna, in je in zare.

Jiya bayan azahar ya miƙe kan gado,
ya ɗora hula a fuska, ya ce,
Kar wanda ya tashe ni sai na yi kore.
Muka yi dariya.
Ni dai na daɗe a bakin ƙofa
ina kallon hular tana hawa, tana sauka.